Kuncin da Ya Daina Zugi

Ƙuda ya sauka a kuncin Baba na hagu, ya yi zamansa, Baba bai kore shi ba. Hira yake yi, yana ba Kawu labarin yadda gyambon kuncin da ya hana shi sakat shekara biyu ya daina zugi tun makon jiya. Mama har ta raba sadaka. 'Yarsa kuwa tana bakin ƙofa da jakar aiki a kafaɗa, ƙudan take kallo.

Baba zabiya ne, magini, shekara talatin yana kan katanga rana tana gasa shi. Da gyambon ya fito, mai kemis na bakin layi ya ce ai haka fatar irinsu take, ya ba shi man shafawa. Da ya ƙare ya ba shi wani. Ita 'yar da take aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ta yi magana har ta gaji. Kawu ya ce boko ne ke ɗibarta, wai 'yar jiya za ta koya wa manya ciwo.

Ranar ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauko wa Baba hularsa, ta tsayar da mota, sai asibiti.

*

Da hannunta ta yayyanka 'yar tsokar da aka ciro daga kuncin Baba, ta rina, ta ɗora a gilashi. Likita ya daɗe yana dubawa a na'ura, sannan ya matsa mata. Cutar daji ce, ta nannaɗe jijiya, ta bi cikinta kamar gara a katako. Ya ce shi ya sa zugin ya tsaya, jijiyar da take kai labarin ciwon ce ta mutu. Da bara aka zo, yankewa kawai za a yi. Yanzu ta yi nisa, ta nufi bayan ido.

Ba ta yi kuka ba. Ta rubuta lamba a gilashin, ta ƙarasa aikin ranar tas.

*

Da safe ita ta yi masa gyaran fuska, don tun da ya yanki kansa bai sani ba ta karɓe rezar.

"Uwata, me na'urar taku ta ce? Ko ta yarda mai kemis ya fi ku?"

"Ɗaga haɓarka, Baba."

Ya ɗaga, ya lumshe ido, murmushin nan a gefe ɗaya kawai ya tsaya. Hawayenta ya ɗiga a kuncin, ya gangara cikin kumfa. Bai motsa ba.

"Hannunki akwai laushi," in ji shi. "Ko rezar ba na ji."