Wutar Likkafanin Tsoho

Karo na tara ke nan Salihu yana buga sandar cikin ƙahon, ya zaro, audugar bakinta ba ta kama ba.

An gama wanke Tsoho, maƙwabcinsa a unguwar Hindawiyya. Saura turara likkafani a kai shi Masallacin Harami kafin la'asar. Wasiyyarsa ɗaya ce: kada a sa masa wutar ashana, da ƙyastunsa za a kunna garwashin turaren.

Wurin wani alhajin ƙasar Jawa Tsoho ya koyi abin. Ƙaho ne mai rami, da sanda mai naɗin zare. A buga da ƙarfi, iskar ciki ta matsu ta yi zafi, auduga ta kama. Shekara talatin yana rataye da shi yana gyara. Kowace babbar Sallah sai ya koma Mina neman ƙaho mafi kyau. Shi ke kunna wa matarsa Mailafiya wutar safe.

Salihu aka miƙa wa, don ya karanto injuna a Alƙahira. Ya san dalilin wutar sarai. Ya sake naɗin zare, ya shafa kitse, ya buga har tafinsa ya mutu. Bai ji komai ba, sai lokaci da ke tafiya.

Zali mai wankan gawa ya ajiye masa kwalin ashana, ya ce yalla, a hanzarta, masu ɗaukar makara na tsaye cikin rana. Salihu ya ce wasiyya ce.

"Ɗan nan," in ji Mailafiya daga bayan labule, "miƙo shi."

Ya miƙa. Suka saurari bugu, ba su ji ba.

"Ku ƙyasta ashanarku. Tun Rajab da ya sake masa sanda bai ƙara kamawa ba."

"Inna," in ji Salihu, "kullum ina jin bugunsa ta katanga."

"Yana bugawa. Idonsa ya riga ya tafi. Ya miƙo min, in ce ta kama, Alhaji. In shiga madafa in ƙyasta, ina tari kada ya ji. Cewa yake wannan gyaran ya fi duk na baya."

Zali ya dubi ƙasa. Salihu ya zaro tsinke ɗaya, ya juya wa gawar baya, ya ƙyasta.

A bayan labule tsohuwar ta yi tari. Hayaƙi ya fara ratsa farin yadin.