Shaidar shanun Baba a kan buhun iri

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar lakwal, kuma ko gaban mutum biyu magana nauyi take yi min. Amma abin ya ƙi barin raina.

Abdulmajid ɗan kawuna ne, abokin wasana, yana karatu a Damagaram. Shi da abokansa suka haɗa wata manhaja ta talho, wato wayar hannu, mai gaya wa manomi lokacin da ake sa ran ruwa. Ya ce ba ta da mai ita, duk mai so ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Tambari kawai ya rage musu, ɗan zanen da za a gane ta da shi. Da ya zo hutu garinmu Waca ya tarar ina yi wa ƙanwata lalle.

"Ke bebiyar gidan nan," in ji shi, "baki ba ya aiki amma hannu na yi. Zana mana."

Na ɗauki bik, wato biro, da kayena, littafin rubutuna na lakwal. Na gwada zangarniyar gero, ta fito kamar tsintsiya. A ƙarshe na zana abin da idona ya saba da shi: da'ira, da layi uku a ƙasanta. Shaidar da Baba ke sa wa shanunmu ce da ƙarfe mai zafi, tun daga kakanmu. A takarda sai ta yi kama da hadari yana zubar da ruwa. Abdulmajid a birni ya tashi, bai san garkenmu ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa.

Suka sa wa shaidar launi kore, suka rubuta dokokinta da Faransanci. Ya fassara min ta talho: kada a canza launin, kada a ja ta ta yi tsawo, a bar fili kewaye da ita. In an kiyaye wannan, kowa na iya amfani da ita.

Bayan shuka wani manomi, Malam Bukar, ya yi sallama da buhu a hannu. Ina bayan danga ina tankaɗe. Ya ce irin wake ya saya a kasuwar Guci, ya shuka gona guda, bai tsiro ba. Baba ya rantse bai taɓa sayar da iri ba.

"Malam Halilu, ban iya karatu ba," in ji mutumin, yana nuna zanen da ke jikin buhun, "amma wannan shaida tun ina yaro na san ta. Don ita na saya."

A satin nan wasu biyu suka zo. Baba ya daina zuwa kasuwa. Ya fara zargin Baffa Auwalu, ƙanensa, don ƙarfen shaidar a wurinsa yake.

Na kira Abdulmajid na faɗa masa komai. Ya bincika, ya ce wani ɗan kasuwa ne ya kwafo tambarin daga intanet ya buga a buhuna. Bai canza launi ba, ya bar filin. Ba su taɓa tunanin rubuta cewa kada a sa shi a kan kayan sayarwa ba. Za su ƙara dokar, za su nemi sabon zane, amma buhunan da suka shiga kasuwa babu yadda za su yi da su.

"Me ya sa ba ki gaya min ba, Hidaya?" Rabon da ya kira sunana na gaskiya har na manta.

Ya ce in jira sati biyu ya gama jarrabawa, ya zo ya yi wa Baba bayani da kansa. Na ce to. Da la'asar na ji Baba yana gaya wa Inna gobe zai kai ƙarar Baffa wurin mai gari.

Washegari na kai masa koko a zaure, kayen yana cikin mayafina. Ya riga ya sa babbar rigarsa. Na durƙusa, na buɗe shafin, na ajiye kusa da ƙafarsa. Sai na ce masa:

"Baba, ba Baffa ba ne. Ni na zana."