Dalmar Barabal

Ranar Alhamis ta makon Jibin Ubangiji ba a aiki a tsibirinmu, ranar azumi ce. Shi ya sa da Finlay Maciver ya shigo gidan Torquil Macaulay da hantsi, ya tarar da injin saƙa a rufe da buhu, maigidan kuma yana durƙushe gaban murhu yana ɗaura wa matarsa Barabal igiyar takalmi. Finlay ƙanin matar ne, kuma dattijon ikkilisiya ne shekara ashirin da biyu. Bai zauna ba. Ya cire hula, ya jujjuya ta a hannu, sannan ya ce dattawa sun zauna jiya, sun ga ya fi kyau wannan karon kada a ba Barabal dalma.

Dalmar nan 'yar mitsitsiya ce kamar kwabo, da sunan coci a jikinta, ita ce shaidar izinin cin Jibin. Fasto ke sa ta a tafin mutum ranar Asabar, ranar Lahadi ya miƙa ta ga dattijo kafin ya shiga kujerun gaba da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Wanda ba shi da ita ba ya ƙetare inda ƙyallen ya fara. Karɓarta kuwa ba wasa ba ne a wurinmu. Mutum yana faɗa ne a gaban kowa cewa Allah da kansa ya shiga cikinsa ya zauna. Cikin mutum ɗari uku da ke cika cocin, da ƙyar arba'in ke tashi. Barabal ta shekara arba'in da ɗaya tana tashi, sau biyu a shekara, ba fashi. Torquil bai taɓa tashi ba.

Dalilin dattawa kowa ya san shi. Shekara uku ke nan tsufa yana cin hankalin Barabal. Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar addu'a, coci tsit, ta ɗaga kai ta ɗura wa mai ba da waƙa ashar, irin wadda ta koya tana budurwa a wurin feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Har bayan coci an ji.

Torquil ya gama ɗaure takalmin tukuna, sannan ya miƙe ya tambaya wa ya kawo maganar a zaman.

"Ni ne," in ji Finlay. "Gara ni da wani."

"Kai. Kai da ta share wa majina har ka shiga makaranta."

Finlay ya ce ba wanda ya ce Ruhu ya fita daga cikinta, ba su da hurumin faɗin haka. Amma teburin Jibin na wanda zai iya binciken zuciyarsa ne, ita kuwa ba ta iyawa. Kuma wanda Allah ke cikinsa ana ganin alama a bakinsa. Su dattawa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji suke hukunci da shi.

Barabal ta daɗe tana kallon ƙaninta. Sai ta jawo hannun rigar mijinta, ta tambaye shi wane ne wannan mai fuskar tunkiya, kuma me ya kawo sayarwa. Torquil ya ce ba komai, tsohuwa, ya gama tallarsa, tafiya zai yi. Ya buɗe ƙofa ya riƙe ta har Finlay ya fita.

Ba ta san ranakun mako ba, ba ta san shekarunta ba, wani lokaci ta kan nemi uwarta da ta mutu tun kafin a kawo lantarki ƙauyen. Amma da ta leƙa taga ranar Juma'a ta ga motocin baƙi da baƙaƙen huluna a hanyar coci, ta gane ko wane mako ne. Ta ciro baƙar rigarta ta sa a kan rigar barci. Ta fara tambaya ina dalmarta. Torquil ya ce sai gobe. Bayan minti goma ta sake tambaya. Kafin la'asar ta tambaya ya fi sau talatin, kowane karo da fara'a, kamar yarinyar da aka yi wa alkawarin zuwa kasuwa. Torquil ya shiga rumfar saƙa ya tsaya a cikin duhu yana huci, don kada ta ga fuskarsa.

Shekararsa saba'in da biyu, sittin daga ciki a kujerar baya ya yi su. Ya ji maza suna ba da labarin yadda abin ya zo musu, wannan yana tsakiyar teku, wancan yana bayan tumaki, wani yana kwance a asibiti. Shi ya jira. Ba ya sha, ba ya zagi, bai taɓa fashin addu'ar safe da ta yamma a gidansa ba. Ya yi ta sauraren cikinsa shekara da shekaru kamar mai sauraren gidan da aka ce akwai mutum a ciki, bai ji ko motsi ba. Bai yi ƙarya ya ce ya ji ba. Akwai waɗanda suka yi, ya san su da suna, amma wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu.

Ranar Asabar bayan sujadar rana, Fasto Gillies ya yi sanarwar da aka saba: dattawa za su zauna a ƙaramin ɗaki, ƙofa a buɗe take ga duk wanda yake son zuwa teburin karo na farko. Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallon maƙwabcinsa. Torquil ya sa wa Barabal alawar na'ana'a a baki, ya ce ta zauna nan yana zuwa. Ya tashi ya bi tsakiyar coci.

Ƙofar nan dalili ɗaya ke sa mutum ya shige ta. Kafin ya kai gaba, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Wani ya miƙo hannu ya shafi hannun rigarsa. Raɗa ta bi kujeru cewa Torquil masaƙi ya samu, bayan duk shekarun nan. Da ya shiga ɗakin, dattawa shida suka miƙe tsaye, abin da ba sa yi wa kowa. Finlay ya kama hannunsa da hannu biyu, hawaye na bin kumatunsa, yana cewa shekara talatin yana roƙon wannan rana.

Torquil ya zare hannunsa.

"Share fuskarka, ƙanin mata. Ba ni ba ne. Ku zauna."

Suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Shi bai zauna ba.

"Shekara sittin ina baya ina jin ku. Kun ce Ruhu ba ya shiga mutum don gidan na da tsabta. Kun ce in ya shiga, ba ɗan haya ba ne, ba ya kwashe kaya don rufi ya fara yoyo. To ko dai ƙarya kuke yi mini tun ina yaro, ko yau kuke yi. Ku zaɓa. A ƙwaƙwalwa yake zama? Don in a ƙwaƙwalwa ne, Finlay, ban ga inda ya sami wurin ajiye kujera a taka ba."

Wani dattijo ya ce a tuna inda ake. Torquil ya ce ya tuna sarai, shi ya ɗora katakon rufin ɗakin nan da hannunsa.

Fasto Gillies mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, baƙo, shekararsa biyu a tsibirin, bai taɓa ganin Barabal da hankalinta ba. Ya bari Torquil ya gama. Sannan ya ce a hankali, koyarwar daidai ce, ba ya musu. Amma ashar ɗin kowa ya ji ta. Yana tambaya ko akwai wani abin da maigidan ya ji wanda su ba su ji ba.

Torquil ya taɓa girarsa. Wannan sirrin ɗakinsa ne, kuma ya tsani ya shimfiɗa shi gaban mutanen da suka yanke hukunci ba su tambaya ba. Amma ba shi da wani abin. Ya nuna tabon da ke kan girarsa, ya ce ranar Talata da safe ne, yana yi mata wanka. Ta ɗauki kofin shayi ta rotse shi da shi, ta zage shi, ta haɗa da uwarsa. Ya fita ya wanke jinin. Da ya dawo bai gan ta ba, sai ya same ta a tsugune tsakanin kabad da bango, ta dafe ƙirji da hannu biyu tana kuka, tana cewa ta ɓata masa rai, yana ciki, ya ji. Ya tambaye ta wa. Ta dube shi kamar ta ga wawa.

"Ranar nan ba ta san sunana ba. Naka, Finlay, tun bara ta yar da shi. Shi ba ta manta ba. Kai yaushe rabon da ka tsuguna bayan kabad saboda abin da bakinka ya faɗa?"

Mafi tsufa a cikin dattawan ya ce, yana kallon tebur, ai wannan ita ce alamar da suke nema a wurin masu zuwa karo na farko, kuma ba kullum suke samunta ba. Fasto ya dubi fuskokinsu ɗaya ɗaya, ya buɗe akwatin katako ya ɗauko dalma.

Finlay ya ce a dakata. Ba gardama yake yi ba, in ji shi, amma wa zai kai Barabal teburin? Ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai mijinta. In aka raba su za ta yi ihu, ta zubar da ƙoƙon inabin. Mijin kuwa ba shi da izinin ƙetare ƙyallen.

Fasto ya sake sa hannu cikin akwatin ya ɗauko ta biyu. Ya ce mutumin da ya shekara uku yana wannan hidima, kuma ya san koyarwa haka, wataƙila akwai abin da ke cikinsa da shi kansa bai gane ba. In zai faɗi kalma ɗaya, dattawa za su karɓa.

Nan ne ran Torquil ya fi ɓaci, fiye da ranar Alhamis.

"Mayar da ita, Fasto. Shekaranjiya kun hana mai gaskiya, yau za ku ba wanda bai roƙa ba, don lamarin ya zo muku da sauƙi. Wanka nake yi wa matata, ko arne ma yana yi. Na duba cikina shekara sittin. Ba kowa a ciki sai fushi. Ba zan tsaya gaban mutane in ce akwai ba."

Ya karɓi guda ɗaya ya fita. Mutane na tsaye a bakin coci suna jiran su yi masa barka. Ya ratsa su bai dubi kowa ba, ya je ya sa dalmar a tafin Barabal, ya naɗe yatsunta a kai.

Ranar Lahadi coci ya cika har matakala. Aka yi wa'azi mai tsawo a kan wanda ya cancanci zuwa da wanda bai cancanta ba. Da aka fara waƙa, masu dalma suka tashi. Torquil ya ɗaga Barabal, suka taka a hankali, hannunta cikin nasa. Finlay ne ke tsaye a bakin ƙyallen yana karɓa. Ta miƙa masa dalmar da kanta, yadda ta saba, ba ta dube shi ba. Torquil ya zaunar da ita a bakin kujerar ƙarshe, inda farin ƙyallen ya fara. Da ya yi niyyar sakinta, ta damƙe yatsunsa.

Bai koma baya ba, bai kuma shiga ba. Ya tsaya a kan hanya, ƙafafunsa a waje, hannunsa a ciki. Ba a taɓa yin haka a cocin nan ba. Finlay ya buɗe baki, ya dubi Fasto, Fasto ya dubi gurasar da ke gabansa. Aka ci gaba.

Gurasa ta zo, ta gutsura ta ci. Ƙoƙon azurfa ya biyo layi daga hannu zuwa hannu, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa da shi. Da ya iso gare ta, ta saki Torquil ta karɓa da hannu biyu. Ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta sha, ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Sannan ta juya ta miƙa wa na kusa da ita, kamar yadda ta yi shekara arba'in da ɗaya. Na kusa da ita Torquil ne.

Ya karɓa don kada ya faɗi. Ƙoƙon na da nauyi, da ɗumin hannayen mutane a jikinsa. Ya ji ƙanshin inabin. Mutum ɗari uku na kallon bayansa. Ya tsaya ya saurari cikinsa sau ɗaya, da gaske, ko za a ce masa wani abu. Ba a ce ba. Fushinsa ya bar Finlay, ya bar dattawa, ya nufi wanda ya shiga cikin matar nan ya zauna har cikin rugujewarta, amma shi Torquil ko ƙwanƙwasa masa ƙofa bai taɓa yi ba.

"Kai ba za ka sha ba, bawan Allah?" in ji Barabal, da murya har ana ji.

"Ba a kira ni ba, tsohuwa."

Ya miƙa wa Finlay ƙoƙon. Sai da ya ga Finlay ya riƙe shi da kyau kafin ya saki. Barabal ta sake lalubo yatsun mijinta ta riƙe, shi kuma ya ci gaba da tsayuwa a kan hanya har aka gama.