Ƙwallon Nasarar Farko

Ƙwallon ta sauko a hankali ta faɗa cikin safar hannun Tsurumi. Mai bugu na ƙarshe ya fita ke nan, wasan besbol ɗin ya ƙare. Hannunsa kuwa, wanda ya tsufa yana abu ɗaya ba tare da ya shawarci kai ba, sai ya juya ya cilla ta cikin 'yan kallo.

Sai da ya taho da ɗan gudunsa na dattijo ya lura babu mai murna a cikin abokan wasansa. Duk shi suke kallo. A bakin benci Niimura na tsaye, hula a hammata, ya miƙo tafukansa biyu kamar mai jiran a zuba masa ruwa.

Niimura shi ne yaron da jaridu suka yi shekara suna lissafa masa gobe. Jiya aka ɗauko shi daga ƙaramar ƙungiya zuwa babba, yau aka ba shi jifa, ya kuma ci. Ƙwallon da ta rufe nasarar farko ta mai jifa ce, shi kuma ya kai wa iyayensa. Ko yaran firamare da ke besbol a bayan makaranta sun san wannan. Tsurumi ma ya sani. Da bakinsa ya tunatar da kowa kafin a fara.

"Yaya, ina ƙwallon?" in ji Dobashi, mai tare jifa, yana cire abin kare fuska.

Tsurumi ya dubi safar hannunsa, kamar wataƙila ta dawo.

"Jifa mafi kyau da ka yi bana ke nan," in ji Dobashi, "kuma ka yi wa mai shan giya."

Niimura ya rusuna har ƙasa. "Ba komai, Yaya Tsurumi. Ai ƙwallo ce kawai."

Da zagi ya yi, da Tsurumi ya san inda zai ajiye shi. A babban allon filin aka nuno wata 'yar ƙaramar mata a cikin 'yan kallo, rungume da hoton wani mutum mai baƙin zare a kusurwa. Mahaifiyar yaron ce, hoton kuma na marigayi mahaifinsa ne; ta yi yini a jirgin ƙasa daga ƙauyensu na Iwate. Tana ta sunkuyar da kai ga mutanen da ba ta sani ba.

Tsurumi bai tsaya canza takalmi ba. Ya bi ƙofar ma'aikata ya hau matakala, ƙusoshin takalminsa na ƙara a kan siminti, don kada wani ya rasa labarin zuwansa. 'Yan kallo na tattara shararsu cikin ledoji suna fita a layi. Ya tsayar da wata budurwa mai tallar giya, goye da tankinta.

"'Yar'uwa, wa ya cafe ƙwallon nan?"

"Wani mai riga shuɗiya. Ya sauka tuni."

Tsurumi ya duba ƙasa. Shuɗi ne launin ƙungiyar. Dubban mutane masu riga shuɗiya na gangarawa zuwa tashar jirgi.

"Kai, Tsurumi ne?" Wani tsoho mai tawul a wuya ya matso yana ƙare masa kallo. "Ashe kana nan. Na ce wa matata ka yi ritaya bara."

"Ina nan, baba. Na gode da goyon baya."

"Hannun dai da sauransa. Na gani."

Ya rusuna wa tsohon, domin haka ake yi, ya sauka.

A ɗakin kaya, Fukazawa mai kula da kayan wasa na zaune a kan akwati yana cin shinkafarsa da soyayyen kifi. A gefensa akwai kwandon ƙwallayen da aka yi wasan yau da su. Tsurumi ya tsaya a kan kwandon. Fukazawa ya dube shi, ya dubi kwandon, ya rufe abincinsa.

"Zan je neman shayi," ya ce. "Injin sayar da shayin nan na bakin ƙofa yana da jinkiri."

Tsurumi ya tsuguna. Ƙwallon gaskiyar ba ta daɗe a hannunsa ba, amma ya ga abin da ya gani: tabon sanda baƙi kusa da ɗinki, da ɗan kore a gefe guda. Ya tona har ya sami mai tabon sanda. Koren kuma ya samo shi a gwiwar wandonsa, inda ciyawa ta goge shi ɗazu. Ya murza, ya duba a hasken fitila, ya rage da babban yatsa, ya ƙara murzawa. Ya gaya wa kansa cewa don uwar yake yi, kuma matacce ba ya duba ɗinki. Hujjar ta yi masa daidai har ya kai ƙofa.

A zauren da iyalai ke jira ya same ta, tare da wata ma'aikaciyar ƙungiyar. Ta jingina hoton a kujera, tana riƙe da jakar hannu a ƙirji. Ya cire hula, ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba.

"Mama, ni ne Tsurumi. Ni na yi wautar nan ɗazu. Ki gafarce ni." Ya miƙa ƙwallon da hannu biyu. "Ga ta, na samo."

Matar ta dubi ƙwallon. Ta dubi ma'aikaciyar. Ma'aikaciyar ta sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminta.

Sai Tsurumi ya ƙara bayani. "Har bakin tasha na bi mutumin. Da farko ya ƙi, sai da na roƙe shi."

"Ka sha wahala, Tsurumi-san," in ji ta a hankali, tana haɗa sunansa da kalmar girmamawa. "Yaron nan yakan ce hotonka ne a bangon ɗakinsa tun yana ƙarami."

Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna fiye da yadda ya rusuna, ta yi sauri ta tura ta cikin jaka ta ja zif, kamar mai rufe wa baƙo wani abin kunya.

Nan Niimura ya shigo, ƙanƙara ɗaure a kafaɗa don huce gajiyar jifa, masu ɗaukar hoto na biye da shi. Ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida hoton, ya gaida Tsurumi.

"Inna, kawo ƙwallon. Suna son hotonmu da ita."

"Anjima mana."

"Yanzu suke so, Inna. Ofis sun ce mutumin ya kawo ta da kansa, ko ba haka ba?" Ya juya ga Tsurumi da fara'a. "Ka ji, Yaya? Yana cafewa ya gane, ya wuce ofis kai tsaye ya ajiye. Ko suna bai bari ba."

Uwar ta buɗe jakar, ta daɗe tana duba ciki. Sannan ta sa hannu biyu ta fito da su, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowacce da baƙin tabo kusa da ɗinki, kowacce da ɗan kore a gefe.

Masu hoto suka sauke na'urorinsu, abin da ba su saba yi ba.

Niimura ya dubi ƙwallayen, ya dubi gwiwar wandon Tsurumi, ya kawar da ido da sauri.

"Tsurumi-san," in ji uwar, muryarta ƙasa-ƙasa, "sun haɗu a jaka. Guda ɗaya ce za ta zauna gaban hoton mahaifinsa. Kai ne ka cafe ta a fili. Wacce ce?"

Ya karɓe su. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya ɗaga su ga fitila. Ya yi aiki mai kyau. A duk shekarunsa a filin nan, da wuya ya taɓa yin wanda ya fi shi.

"Ban sani ba, Mama," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta miƙo hannu ta karɓi duka biyun.