Kiran Sallar da Ba Ta Ji Ba

Wani kafinta bai damu da sallah ba sai ranar da aka haifa masa 'ya. Da zai yi mata kiran sallah a kunne ma sarƙewa ya yi, ƙaninsa yana tuna masa. Tun ranar bai ƙara fashin masallaci ba.

Tana wata tara likita ya ce kurma ce tun haihuwa.

"Ashe ba ta ji ba," ya ce wa matarsa a hanya.

"Ai kai ka ji, Baban yarinya."

Da la'asar ya shimfiɗa sallaya, ya kasa ta da kabbara. Sai ya ɗauko 'yar, ya ɗora tafin hannunta a maƙogwaronsa, ya sake kiran daga farko. Tana ta dariya, shi kuwa hawaye har gemu.