Inda Muryar Ta Yi Shiru

Ranar Asabar da hantsi Torsti ya iso da faifan. Ya kakkaɓe ƙanƙara a bakin ƙofa, ya tuɓe takalma, Venla ta zuba masa kofi ba tare da ta tambaye shi ba. Wata huɗu ke nan da rasuwar mijinta Aarni, kuma sai yau abokin nasa ya iya shigowa har kicin.

"Jibi za a saki faifan," in ji shi. "Kowane layi a takardar gwaji an sa masa hannu, saura na Aarni."

Ta san layin. Su Torsti 'yan sa kai ne, su ke haɗa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ga duk mai so, kuma duk shekara biyu suke fitar da sabon faifai. Aarni makaho ne. Shekara uku ya yi yana koya wa faifan magana da harshen Finlan, don makaho ya ɗora manhajar da kansa, ba sai ya jira mai ido ba. Ƙa'idarsu kuwa, abin da bai ci gwaji ba ba ya shiga faifai.

"Kai ba ka gwada ba?"

"Sau shida, lafiya lau. Amma ni na haɗa faifan, ba a barin mutum ya shaidi aikin hannunsa. Shi ya sa na zo ki gwada."

'Yarta Saimi, mai shekara biyar, tana zane a ƙasa, hancinta kusan a kan takarda. Likita ya ce ciwon ubanta ne, ganinta zai yi ta tsukewa a hankali. Ta taso ta shafa gemun baƙon.

"Kawu Torsti, gemunka ya shanye maka kofi."

"Na ajiye ne saboda hanya, sarauniyar tsegumi."

Suka shiga ɗakin Aarni. Kwamfutarsa ba ta da allon kallo, bai taɓa saye ba. Torsti ya cire ma'ajiyar bayanan kwamfutar, wadda ayyukan marigayin ke ciki, ya sa sabuwa don kada a goge komai.

"Na zo da allo, yana mota."

"Bar shi can. Yadda yake yi zan yi."

Venla ta sa faifan. Lasifika ta yi ƙara, sai ga muryar nan mai kaushi tana yi mata maraba.

"Muryar ɗakin Baba!" in ji Saimi, ta haye cinyar uwarta.

Muryar ta tambayi harshe, ta tambayi gari, ta tambayi suna. Venla tana amsawa, yatsunta suna lalube a inda na Aarni suka goge haruffan. Aka zo kan kalmar sirri. Ta rubuta, ta danna.

Shiru.

Ta jira. Fankar kwamfutar kaɗai ke juyawa.

"Ba komai," in ji Torsti. "Gargaɗi ne ya fito, wai kalmar ta yi gajarta. Ki danna babban maɓalli sau uku, sauran aikin zai ƙarasa da kansa."

"Ta yaya ka san abin da ya fito?"

"Ai kullum ina ganinsa a..." Ya tsaya. Ya sauke tabarau ya murza ido.

Suka sake daga farko. Da doguwar kalma muryar ta wuce lafiya. Da gajera sai ta ɗauke, kuma ba ta ƙara dawowa ba.

"Za ka iya gyarawa kafin jibi?"

"Wurin nan Aarni kaɗai ya san cikinsa. Ko wata guda aka ba ni, ban yi alkawari ba." Ya zauna a bakin gado. "Venla, in kika rubuta ya faɗi, cire muryar za a yi gaba ɗaya. Sai nan da shekara biyu. Wa ke sa gajeriyar kalma yanzu? Ki sa hannu kawai. Aikinsa ne na ƙarshe, sunansa yana ciki."

Ta so ta sa, har cikin ranta. Sau nawa ta ga Aarni a kujerar nan, kofinsa ya huce, yana maimaita kalma ɗaya har ta fita daidai.

Saimi ta kara kunne a lasifika, ta ɗan bubbuga ta.

"Mama, ni na ɓata ta?"

"A'a, ba ke ba ce."

"To ita ma ta mutu ne?"

Venla ta rungume ta. Aarni ya taɓa gaya mata cewa in na'ura ta yi wa makaho shiru, kansa yake fara zargi. Ta hango wani a ɗakinsa shi kaɗai, ya riga ya goge tsohuwar manhajarsa, yana jira. Nan da 'yan shekaru, wanin nan Saimi ce.

"Ba ni wayarka."

Ya buɗe mata takardar gwajin. A layin Aarni ta rubuta: Ya faɗi. Murya tana ɗaukewa bayan gajeriyar kalmar sirri, ba ta dawowa. An gwada sau biyu, ba allo. Ta sa sunanta, ta aika.

Torsti ya karanta abin da ta rubuta.

"Da Aarni ne, da ya zage ni tas," in ji shi.

"Da ya kira ka makahon kunne."

Ya yi dariya, ya share hanci da bayan hannu.

"Yaushe za a fara gwajin na gaba?" in ji Venla.

"Farkon bazara."

"Ka bar min layin. Yanzu mayar mana da ma'ajiyarsa, Saimi tana son ta ji muryar kafin abincin rana."