Auren Da Turawa Suka Gaskata

Maza ne zalla a hoton. Sun cika ƙofar masallacin Kajiji, wasu a kan tabarmi, wasu a kan buhunan da suka shimfiɗa, kowa ya ɗaga tafukansa ana shafa fatiha. Bilyaminu ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa hoton a fuskar wayar, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya dubi Juwairiyya ta saman tabarau ɗin da yake sakawa don ado kawai.

"To, ina amarya?"

"Tana cikin gida mana. Ka taɓa ganin amarya wurin ɗaurin amre?"

"Ango hwa?"

"Shina Turai. Baffanai Sodangi yak karɓa mai."

Bilyaminu ya ture wayar zuwa gabanta da bayan hannu.

"Kin gani ko? Amre ba ango, ba amarya. Ke kanki, da ke ta Baturiyar ofishin biza, kya yarda?"

Juwairiyya ta kalle shi daga hula har takalmi, kallon da take yi wa yaron da ya zo aji bai wanke fuska ba.

Shagon Bilyaminu yana bakin titi a Boɗinga, dab da tasha. A da hoton fasfo yake ɗauka wa ɗalibai da maniyyata. Da ya sayi kwamfuta sai ya sa aka ƙara masa kalmar "biza" a jikin allon shagon, daga ranar ya zama masanin halin Turawa. Iyakar tafiyarsa a duniya Illela ce, nan ma bai tsallaka iyaka ba, amma in yana ba ka labarin abin da Bature yake so da abin da ba ya so, ka rantse nono ɗaya suka sha. Juwairiyya ta raina shi tun ranar farko. Sai dai duk Boɗinga shi kaɗai ne ya taɓa fitar da mutum ƙasar waje, don haka a kan bencinsa take zaune.

Ita 'yar Malam Ummaru ce, mai makarantar allo a Kajiji, kuma tana koyarwa a wata firamare a Boɗinga. Mijinta Maniru yana can Turai yana jinyar tsofaffin da 'ya'yansu suka gaji da su. Auren yana neman shekara ta uku, amma zaman da suka yi tare bai wuce hutu guda da ya zo ba. Sauran duk a waya ne, tana ɗakinta a gidan uwarsa tana rage murya kada a ji. Ta gaji. Tana son mijinta, tana son ta dafa abinci ta ga ya ci, tana son in ta yi fushi ya gani a fuskarta ba sai ta rubuta masa ba. Abin da ya kai ta neman biza ke nan.

Neman farko har Abuja ta je. A can ta tarar da wata Baturiya a bayan gilashi, da wani tafinta Bakano da ya riƙa murmushi duk lokacin da ta buɗe baki, shi a dole ya ji Sakkwatanci. Tambayar farko, sunan mijinta. Juwairiyya tana rubuta sunan nan a takarda ba tare da wata damuwa ba, amma bakinta bai taɓa furta shi ba, kamar yadda ba ta taɓa jin uwarta ta kira sunan Malam ba. Ta ɗan yi jim, sannan ta faɗa a hankali. Baturiyar ta yi rubutu.

Sai aka zo kan hotunan hutun Maniru. A duk wanda suke tare, shi yana nan ita tana can, kanta a ƙasa, tsakaninsu filin da jaki zai wuce da kayansa. Amma akwai wasu da take dariya har haƙoranta a waje, ta fizge hular wani saurayi tana ɓoyewa a baya.

"Wannan wane ne?"

"Kamilu na. Ƙanen maigidana."

Tafinta ya fassara. Baturiyar ta ɗaga gira, ta dubi hoton Kamilu, ta dubi na Maniru, ta sake yin rubutu. Ba ta tambayi dalili ba, balle a gaya mata cewa ƙanin miji abokin wasa ne, mijin kuma shi ake jin nauyi. Matar da ba ta san ko ina Kajiji take ba, ba ta taɓa tsugunawa gaban suruka ba, ita ce ta zauna a ɗaki mai sanyi ta yanke hukuncin cewa ba ta gamsu akwai aure ba. Auren da limamai uku suka halarta.

Wannan amsa ce ta dawo da Juwairiyya bencin Bilyaminu.

"Turawa ba su san kumya ba," in ji shi, yana juyi a kujerarsa. "In ba su ga hannu cikin hannu ba, ba amre. Ki ce mai shi zaka hutu. Ni zan haɗa muku soyayya wadda ko Bature ya gani sai ya yi kuka."

"Soyayyar haɗa ta akai?"

"Ke dai ki taho da kaya kala biyar."

Maniru ya zo bayan ƙaramar salla. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya kuma koyo wata ɗabi'a ta ɗaga kafaɗa in an yi masa magana. Da ta gaya masa abin da Bilyaminu yake so, a zatonta zai ɓata rai. Sai ya ɗaga kafaɗar.

"Can ba komi na ba. Ko cikin jirgin ƙasa yi sukai."

"Nan ba can na ba."

"Kina son ki taho ko ba ki so?"

Tana so. Don haka wata Talata da hantsi suka shiga Keke Napep su uku, da jakar kaya da kyamara, suka nufi bakin madatsar ruwa ta Shagari, inda Bilyaminu ya ce wurin ya fi kama da Turai.

Abin da aka yi ranar, Juwairiyya ba ta son tunawa. A bayan wata bishiyar kuka take canza kaya, kowane kaya da sunansa: wannan na ranar haɗuwarsu, wannan na salla, wannan na cikar aurensu shekara. Bilyaminu ya hana ta hijabi, ya ce gyale, gyalen ma a ɗan zame shi. Yana tsalle da kyamara yana ba da umarni da ƙarfi, ya samu abin mulka.

"Matso! Kama hannunai! Aza kai bisa kahwaɗa! Dube shi cikin ido, ba ƙasa ba, mi kika yar ƙasa? Yi dariya. Ba wagga ba, ta masoya!"

Masu ban ruwan albasa suka kashe injinansu suka jingina da fartanya suna kallo. Wani Bafulatani da ya kawo shanu shan ruwa ya tsaya, ya ga abin da ake yi, ya juya garkensa gaba ɗaya ya bar wurin. Da aka zo kan ta sa wa Maniru tsire a baki, ta ji wani daga cikin manoman ya ce, "'Yan fim na." Ta gode wa Allah da ya sa suka zaci haka. Maniru kuwa ya iya, har da lumshe ido, ta rasa a ina ya koya. Wannan ne karo na farko da ta ji raininsa ya ɗarsu a ranta, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da kallon manoman.

Bilyaminu ya kwashe hotunan ya shigar kwamfuta. Ya ƙara mata hasken fata, ya goge zanen da ke gefen idonta, ya sa wa ruwan madatsar shuɗi. Aka aika. Wannan karon ko kiranta Abuja don tambayoyi ba a yi ba. Kafin kaka ta ƙare fasfo ya dawo da biza a ciki. Ƙaryar yini ɗaya ta yi abin da gaskiyar shekara uku ta kasa, Turawa sun gamsu.

Ta yi murna, ba za a ce ba ta yi ba. Ta yi sujada, ta kira Maniru wanda tuni ya koma bakin aiki, ta yi kuka a waya. Murnar ta kai mako guda. Ranar da ta fito sayen akwati ne ta hango taron 'yan acaɓa a gaban shagon Bilyaminu, kowa ya ɗaga kai sama.

Ya buga hoton a ƙyalle, faɗinsa ya kai ƙofar shago biyu, ya ɗaure a saman rumfa yana fuskantar titi. Ga ta nan, gyale a kafaɗa, kanta a ƙirjin Maniru, tana dariyar da aka umarce ta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MUN YI MUSU, ZA MU YI MUKU.

Ta shiga shagon ko sallama babu.

"Sauke shi."

"Haba Malama, wa zai gane ki? Ni kaina da na gyara hoton sai na diba da kyau."

"Na ce ka sauke shi. Hanyar ga mutanen garinmu ka bi in za su Sakkwato."

"Kyamarata ta, aikina na. In kin tahi, wa ka tunawa? Ke da za ki Turai, mi ad damarki da Kajiji?"

Ta kira Maniru a gabansa. Ya yi dariya daga can, ya ce ta bar shi ya ci kasuwarsa, ai ya yi musu ƙoƙari. Ta kashe wayar. Ta dubi Bilyaminu, ta ja tsaki ta fita.

Ana gobe za ta tashi ta tafi Kajiji sallama. Ta samu Malam Ummaru a zaure bayan la'asar, yana feƙe alƙalami. Ta cire takalmi daga waje, ta durƙusa nesa da buzunsa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi surukarta, ya tambayi hanya. Bai ɗago ba.

"Shekaranjiya na je Sakkwato ta'aziyya," in ji shi. "Mu huɗu cikin mota, da Liman. Na ga an sake ɗaura miki amre bakin tasha."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Allah shi gafarta Malam, su sunka ce sai da hoto..."

"Liman bai gane ba. Sauran ma ba su gane ba. Ni kau ɗiyata ta, ko an shafe ta da alli na san ta." Ya duba bakin alƙalamin, ya ci gaba da feƙewa. "Mu mun tara mutane, an yi siga, an ba da sadaki, an shaida. Ashe ba mu iya ba. Mai hoto ya iya."

"Malam, mijina na."

"Na sani. Ni na ba shi ke. Shi ya sa ban ce kin yi haramun ba."

Ta jira ya ƙara wani abu, ko faɗa ne, ko zagi. Da ya yi, da ta samu abin riƙewa. Duk 'yarsa da za ta bar gida, ko Yabo za a kai ta, sai ya zaunar da ita ya yi mata doguwar addu'a, ya tofa a ruwa ya ba ta ta sha. Ita da za ta tsallaka teku, sai ya ajiye alƙalamin ya ɗauki wani.

"Allah shi kai ki lahiya," ya ce. "A gaida shi."

Da safe ta hau acaɓa zuwa Shagari, akwati a gaban direba, daga nan ta shiga bas mai zuwa Sakkwato. Ta zauna a kujerar baya cikin dogon hijabi, fasfo a jaka, jakar a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Kusa da ita wata dattijuwa ce da kwandon kaji, sai wata mai goyo.

A Boɗinga bas ta tsaya sauke fasinja, daidai gaban shagon. Rana ta fara cin ƙyallen, iska tana kaɗa shi, fuskar da ke jiki tana kumbura tana lotsawa.

"La'ilaha illallahu," in ji dattijuwar, ta riƙe haɓa. "Ku dibi wata 'yar banza. Wagga tana da uwaye kuwa?"

"Ai irin waɗanga ba amre na ba, Inna," in ji mai goyon. "Matar amre ta yi haka bakin titi? Haya akan yo su."

"Allah wadai. Ko ɗiyar wa ta, oho." Dattijuwar ta tofar da yawu ta taga, sannan ta taɓo Juwairiyya da gwiwar hannu. "Ke ɗiyata, na ga kamar ke 'yar nan yankin ta. Kin san ta?"

Juwairiyya ta ɗaga kai ta dubi matar da ke saman rumfa, fara sol, ba zane a gefen ido, tana dariya a ƙirjin wani mutum a bakin ruwa mai shuɗi. Ita aka ba bizar. Ta dube ta sosai, har yaron mota ya buga ƙofa.

"Ban san ta ba, Inna," ta ce. "Ba ɗiyar garinmu ba ta."

Direba ya ja mota.